Tayin da Na Ƙi Janyewa a Al Warsan

Da za a ba ni dama in goge rana ɗaya daga rayuwata, ba ranar da gobara ta cinye mini rumfa zan goge ba. Wata Lahadi zan goge, a cikin wani sito a Dubai, ranar da na zura hannu cikin 'yar cikina na ciro abin da ba nawa ba. Sunana Sabo, a Kantin Kwari an fi sanina da Alhaji Sabo Mai Leshi. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutun.

Abin da na ciro ɗin sarƙar zinare ce ta matata, Hajiya Rabi. Tsohuwar ƙira ce, mai kauri, da wani ɗan ganye a tsakiya. Mahaifiyarta ce ta bar mata. Da zan tafi sarin kaya, auren 'yarmu Zainabu ya matso, sai Hajiya ta ɗinke sarƙar a aljihun 'yar cikina da hannunta, ta ce in kai kasuwar zinare a narkar, a ƙera wa yarinyar ta zamani. Matan Kano da yawa haka suke yi, su ba mai tafiya tsohon zinare ya dawo da sabo.

Zangona na farko Al Buteen ne, tsohuwar unguwa a bakin ruwa. Dillalin da ya yi mini biza ya rantse cewa ɗaki yana jirana, mai kallon teku, an biya. Na tarar da ɗakin, tagarsa bangon wani gini take kallo, kuma ba a biya ko kwana ɗaya ba. Na kira lambarsa, a kashe. Amma wallahi ko haushi ban ji sosai ba, saboda garin ya riga ya tafi da hankalina. Na fito na tsaya ina kallon kwale-kwalen katako suna tsallaka da mutane, ƙamshin turare da kayan yaji yana dukan hanci, ga buhuna da kwalaye an jibge a bakin ruwa ba mai gadi. Zafin kamar an buɗe maka bakin tanda, amma kana shiga shago sai sanyi ya kama ka har ƙashi. Na ce a raina, Sabo, ka yi shekara da shekaru kana ciniki a ƙauye ashe.

Nan na haɗu da mutumin kirki na farko, Bashir, wani ɗan Indiya mai sayar da shayin da suke kira karak. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa. Ya ga ina juya kuɗin ƙarfen ƙasar a hannu ban san wanne zan ba shi ba, sai ya rufe mini tafin hannuna da nasa, ya miƙo kofi ya ce, "Halas, Haji," wato shi ke nan, in bar kuɗina. Tun daga ranar kullum da safe a bencinsa nake karyawa.

Kasuwar zinare kuwa na je tun a makon farko. Idona har ruwa ya yi don ƙyalli. Amma da na ji 'yan uwana 'yan kasuwa suna cewa farashi yana ta hawa, sai na ce bari in riƙe sarƙar zuwa ranar tafiya, ko na samu ƙari a musayar. Hali ne na ɗan kasuwa. Da na miƙa ta ranar nan, da ba ku karanta wannan ba.

Sai leshin da na ba da kafin alƙalami a kansa ya maƙale. Kullum mai shagon ya ce mini, "Bukra inshallah, kwantena tana kan ruwa." Bukra, wato gobe, ta yi ta haihuwar bukra. Kuɗin otal ya fara cin jarina, dole na koma Al Qusais, wani gida da ake hayar gado ba ɗaki ba. Ni da na haura hamsin, mai gida da iyali, ga ni ina hawa gadon sama da tsani, wani ɗan Uganda yana minshari a ƙarƙashina. Ranar da na fara shiga jirgin ƙasansu ni kaɗai, na faɗa taragon mata ban sani ba, na ga ana ta kallona, har na gyara hula na ɗauka babbar rigata ce ta burge. Abinci kuwa shinkafa, gobe shinkafa. Na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka har na farka ina lasar baki.

A gidan nan na san Isufu, mutumin Damagaram, direban motar raba kaya. Magidanci ne mai yawan dariya, shi ya fara dafa mini fura da madarar kwali don ya ga na rame. Wata rana da la'asar na tarar da shi zaune a ƙasa da karta da tulin ƙwallon dabino.

"Isufu, kai ma ɗan karta ne?"

"Alhaji, wannan ba kartar 'yan tasha ba ce. Sunanta foka. Ciniki ne, wallahi, ciniki tsantsa. Zauna ka gani, da ƙwallon dabino ai ba zunubi."

Na zauna. Ya ce kowa ana ba shi kati biyu ya ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya, kowa ya haɗa da nasa, mai haɗi mafi ƙarfi ya kwashe abin da aka zuba. Amma kafin a kai ga buɗewa ana tayi. In wani ya zuba, kana da zaɓi uku: ka bi shi da daidai abin da ya zuba, ka ƙara a kai, ko ka ajiye katinka ka haƙura da abin da ka riga ka sa.

"To in na ƙara, shi ma ya sake ƙarawa fa?"

Isufu ya tafa hannu. "Wala! Ka taɓo wurin. Wannan shi ne ƙari kan ƙari, nan manya suke rabuwa da yara. Mutum ya ƙara don ya tsorata teburi, kai kuma ka ninka nasa kamar sau uku ka mayar masa da tsoron. Dalili biyu ne ke sa a yi shi. Ko kana da kati mai kyau kana so tulin ya girma, ko ba ka da komai kana so ya ɗauka kana da shi ya gudu."

"Wato kamar dillali ya taya kaya sama don ya kori na kusa da shi."

"Shi ke nan! Amma ba kowa ake yi wa ba. Wanda yake ƙarawa kullum, da kati da babu, shi ake yi wa, don yawanci hannunsa iska ne. Wanda yake zaune shiru sai can ya ƙara, ka bar shi da Allah. Kuma ya fi daɗi in kai ne na ƙarshen magana, ka riga ka ga abin da kowa ya yi."

Na gyara zama. Abin da na yi shekaru ina yi a Kwari ke nan, karanta fuskar mai saye, sanin wanda zai tafi da gaske da wanda zai kai bakin layi ya dawo. Kafin magariba na kwashe ƙwallayen Isufu kaf. Yana tattara kartar ya ce, "Saura ɗaya, Alhaji, ita ce babba. Kafin ka yi ƙari kan ƙari, ka san abin da za ka yi in ya sake hawa kanka. In hannunka ba komai, ka ajiye. Dusma, sannu a hankali, ba fushi, ba kunya." Na ce na ji. Ban ji ba. Ina can ina lissafin yadda na karanta shi.

Daga nan sai Al Warsan, unguwar sito-sito da gidajen ma'aikata, can bayan gari. Kowace Lahadi bayan azahar, ranar hutu, wasu suna haɗuwa a wani siton tayoyi, a ja ƙofa ƙasa a kunna na'urar sanyi. Kowa ya san caca haramun ce a addini kuma laifi ce babba a ƙasar, shi ya sa ake ajiye motoci nesa. Ni ma na sani. Na gaya wa kaina kallo kawai zan yi.

Isufu ne ya kai ni, muna shiga sai na ji an ce, "A'a! Baba Alhaji, sannu da zuwa! Ya Kano, ya mutan Kwari?" Na waiga ina neman Bahaushe, sai na ga farin mutum da gemu, yana murmushi. Jamil ke nan, Kwara ne, Balarabe haifaffen Fagge, babansa ya yi shagon yadi a Kano shekaru masu yawa. Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana. Ya tambaye ni ko har yanzu ana sayar da gurasa a bakin masallacin nan, ya ce shi duk duniya ba abin da yake kewa kamar kilishi. Wanda bai yi zaman baƙunta ba ba zai gane daɗin da na ji ba. Kafin in ankara an ja mini kujera, an canza mini kuɗi da 'yan fayafayan roba masu launi da ake zubawa.

Ranar nan na yi ƙari kan ƙari na farko da kuɗin gaske. Wani ɗan Masar ne, mai yawan surutu, kowane zagaye sai ya ƙara. Na tuna maganar Isufu. Katina banza ne, bakwai da huɗu. Ya ƙara, sai na turo ninkin nasa, na kafe shi da ido irin kallon da nake yi wa mai saye in ya raina mini leshi. Ya dubi katinsa, ya dube ni, ya yi tsaki ya jefar. Jama'a! Na janyo tulin da hannu biyu. Ban sayar da komai ba, ban ɗauki dila ba, da ido kawai na ci. Jamil ya buga teburi yana dariya. "Yalla, Baba! Wannan tsohon ɗan Kwari ne, ku yi hankali da shi!"

Lahadin da ta biyo baya na sake ci. Na saya wa Isufu takalmi, na kai wa Bashir mai shayi kwalin dabino, na sauka daga gadon sama na kama na ƙasa. Na daina damuwa da kwantena. Ina tafiya a titi ina karanta fuskokin mutane, ina cewa wannan zai ajiye, wannan zai bi. Har waya na yi wa Hajiya na ce ta shirya, Zainabu za ta sa abin da ba a taɓa gani a unguwa ba.

Akwai abin da ban lura da shi ba, Jamil kuwa ya lura. Mu a kasuwa, in ka taya kaya a gaban mutane, ka tayu. Babban mutum ba ya cewa na fasa. Mahaifina ya taɓa sayen dilar atamfa da ruwa ya taɓa, yana sane, don kawai bakinsa ya riga ya furta kuɗi. Da wannan aka san gidanmu, da shi muke samun kaya ba takarda. To da wannan halin na zauna a teburin. Sau biyu aka sake hawa kaina bayan na yi ƙari kan ƙari, sau biyun na bi da kati maras ƙarfi, sa'a ta fitar da ni. Isufu ya yi mini faɗa a mota. Na ce masa, "Kai direba ne, ba ka san mutuncin tayi ba."

Ranar Lahadin da nake so a goge, kwantena ta riga ta iso, tikitina na ranar Laraba, sarƙa tana nan a ƙirjina da niyyar gobe in kai ta. Na ce bari in je in yi musu sallama.

An raba kati. Sarki da tara ne a hannuna, ba laifi amma ba abin alfahari ba. Jamil, wanda ya yi shiru tun zuwanmu yana ta ajiyewa, sai ya ƙara. Irin mutumin da aka ce in bar shi da Allah ke nan. Amma ranar ji nake ba mai iya tsayawa gabana. Na ninka. Ya ɗan sosa gemu ya sake hawa. Na sake hawa, da kusan duk abin da ke gabana, har da ribar makonnin baya. Jamil ya turo dukan tulinsa tsakiya, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Isufu ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin teburi. "Alhaji, ajiye. Don girman Allah ajiye."

A ƙa'ida ma ba dole in kai nasa ba, ina iya bi da ɗan abin da ya rage mini. Amma Jamil ya jingina da kujera ya ce, da murya mai taushi, "Baba, ba komai, ka janye. Ko a Kwari ai ana fasa ciniki in kaya ya fi ƙarfin mutum."

Sannan ya fassara wa sauran da Larabci. Ɗan Masar ɗin nan ya ƙyalƙyale da dariya.

Na ce, "Yaro, tun kafin a haife ka nake tayi, ban taɓa janyewa ba. Duk abin da ka zuba na bi." Na zura hannu cikin riga, na fizge ɗinkin Hajiya, na ji zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora sarƙar a kan tulin. Jamil ya ɗaga ta ya jinjina, ya ce ta isa.

Muka buɗe. As biyu gare shi, katin da ya fi kowanne girma. Mai rabo ya buɗe ukun farko na tsakiya: sarki, tara, uku. Sarki biyu da tara biyu! Na wuce shi! Na miƙe tsaye, hulata ta faɗi, ina ihu, "Ka gani! Ka gani!" Isufu ya riƙe kai da hannu biyu. Kati na huɗu, biyar, bai taimaki kowa ba. Saura ɗaya. Har na fara miƙa hannu wajen sarƙar.

As ne. Uku gare shi.

Ban san lokacin da na zauna ba. Jamil ya naɗe sarƙar a hankici ya sa a aljihu. Na bi shi har bakin ƙofa, ni da na haife shi, ina roƙo. Na ce ta matata ce, ta auren 'yata ce, ya riƙe leshina duka a madadinta. Ya ce, "Baba, wallahi ina ganin girmanka. Amma da kai ka ci, za ka mayar mini? Tun ranar farko na gane in ka ƙara ba ka ajiyewa, haka abokan babana suke. Jira kawai na yi kati ya zo." Da na koma washegari aka ce ya tafi Sharja. Ba inda zan kai ƙara, don ni ma mai laifi ne.

Ranar da aka cinye ni ɗin, Isufu ne ya mayar da ni masauki. Da muka isa ya cire takalmin da na saya masa ya ajiye a bakin gadona, ya ce in sayar, shi ya kai ni wurin. Da safe Bashir ya dubi fuskata, bai tambaya ba, ya ƙara mini burodi ya ƙi karɓar kuɗi.

A nan ya kamata in ajiye, in ɗauki waya in gaya wa Hajiya. Sai na sake ƙarawa. A wani lungu bayan kasuwar zinare akwai masu sayar da ruwan zinare, ƙarfe ne aka yi wa wanka. Na zaɓi wata sarƙa mai kyan gaske, na sayi akwati mai jan karammiski a ciki, na dawo Kano ana yi mini sannu da zuwa.

Bayan 'yan taya murna sun watse, Hajiya ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Na miƙa mata akwatin. Ta buɗe, ta ce masha Allah, ta ɗora sarƙar a tafin hannu. Ta ɗan ɗaga hannun sama, ta sauke.

"Alhaji, ta yi sauƙi."

"Sabon yayi ne, Hajiya. Haka suke yi yanzu, cikin a rarake."

Ta dube ni. Shekara talatin muna tare, ban taɓa ganin wannan kallon ba. "To madalla. Maƙullin ne dai bai kwanta mini ba. Gobe sai ka raka ni wajen maƙerin zinare ya canza shi, ya auna mana ita gaba ɗaya."

Ta ƙara a kan nawa. Na san zan iya sake hawa, in yi fushi, in rantse, in ce zargina take yi bayan wahalar da na sha. Maganar har ta zo bakina. Sai na ga 'yar cikina a rataye, da zaren ɗinkinta yana reto.

Na ce, "Ba sai mun je ba, Rabi." Na gaya mata komai, tun daga ƙwallon dabino.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da ita aka kai Inna ɗaki. Da ita aka kawo ni gidan nan." Ta rufe akwatin ta fita.

An kai Zainabu gidan mijinta wuyanta ba komai, Hajiya ta ce 'yarta ba za ta shiga ɗakin aure da ƙarya a wuya ba. Mata sun yi ta ƙus-ƙus, ita ta shanye, ba ta taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Bayan shekaru na saya wa Zainabu zinare na gaske, wanda ya fi wancan nauyi. Hajiya ta yi godiya ta ce Allah ya ƙara buɗi, amma ba ta ko taɓa shi ba.

Ta bogin kuwa ta hana a jefar. Ta kafa ƙusa a ɗakina ta rataye ta. Tana nan yanzu da nake rubutun nan, ta yi baƙi ƙirin.

'Ya'yana masu zuwa Dubai sari, har yau in na tuna ranar da ɗan Masar ya jefar da katinsa sai na ji jikina ya motsa, shi ya sa nake jin tsoron abin. In aka ja muku kujera, kada ku zauna, ko da ƙwallon dabino ne. In kuma mace ta ɗinke muku amana a riga, don Allah ku kai ta inda aka aike ku tun ranar da kuka sauka.